Daminar bukukuwan jikoki: inda allurata ta kai

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon ɗinkin hannu. Rabona da in ba ku labarin inda aikina ya kwana tun kafin ruwa ya zauna, har wasunku sun aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi, hidimar jikoki ce ta sha kaina. Daga rufe makarantu a ƙarshen Yuli zuwa yanzu da ake shirin komawa, gidanmu bai huta ba. An yi saukar karatu, an yi yaye ɗalibai, an yi suna, an yi murnar zagayowar ranar haihuwa, sannan aka rufe da baje kolin ayyukan ɗalibai a Samaru. Tun farko na ƙudurta cewa bana ba jikan da zan ba kyautar kasuwa. Duk wanda hidimarsa ta zo, abin da hannuna ya ɗinka zai samu.

Babban aikin shi ne hular mai sauka, wato babban jikana na wajen ɗana, wanda nake kira angona. Na auna kansa da tef, inci 21. Ga waɗanda ba su taɓa yin hula ba, ku riƙe wannan: yadi yana tsukewa idan ɗinki ya cika shi, musamman idan hannunki mai jan zare ne da ƙarfi. Don haka ba a yanka daidai awon kai, sai an bar rara, ban da ta haɗi. Na ninka farin yadi biyu, na kai wa mai zane a kasuwar cikin birni, ya zana mini jikin hular da kanta da biro, na biya na dawo gida na fara cikewa. Haka akasarinmu muke yi, kuma haka na saba.

Abin da ya canza mini a wannan hular shi ne tsawon zare. Malamar da ke duba mini aiki ta ce kada zaren da ke allura ya wuce daga yatsa zuwa gwiwar hannu. Dogon zare yana shiga yadi yana fita har ya gaji, ya yi gashi, ƙyallinsa ya mutu, sai ki ga gida ɗaya a hula rabi yana sheƙi rabi ya dushe. Gajeren zare yana cin lokaci wajen sakawa a allura, ga shi idon irinmu sai da tabarau, amma aikin yana fitowa sumul. Sannan ƙananan idanun nan da ake hudawa a kewaye su da zare: in kina son su fito daidai wa daida, yawan sukan da kike yi wa kowanne ya zama ɗaya. Da farko ina ƙirgawa a baki, daga baya hannu ya riƙe da kansa.

Damina kuma tana da nata sharaɗin. A watan Agusta, lokacin marka, sai a wuni rana ba ta leƙo ba, launin zare ya riƙa yaudarar ido, shuɗi mai duhu da baƙi su zama abu guda a cikin ɗaki. Na mayar da zaɓen launi aikin hantsi a bakin ƙofa, cikewa kuma duk lokacin da aka samu haske. Allura tana tsatsa idan aka bar ta soke a jikin yadi ta kwana, kuma tabon tsatsa a farin yadi ba ya fita da sauƙi. Kada kuma a ƙulle aiki a leda da danshinsa, fumfuna ce za ta biyo baya. Ni a cikin tsohon kallabi na auduga nake naɗe nawa. Masu wankin hula ma sun roƙe ni in kai da wuri, don bayan wanki da sitaci sai an ɗora ta a kan katako ta bushe, bushewar kuwa a wannan lokaci sai yadda Allah ya yi da rana.

Ranar walima yaro ya sa hularsa, ta zauna masa ɗas. Ya durƙusa gaban malaminsa da allo a hannu, aka biya masa Fatiha da farkon Baƙara yana maimaitawa, mu muna daga ciki muna jiyowa, hawaye na zuba mini. Izu 60 ba wasa ba ne. Bayan an shafa addu'a aka shigo da shi wajen mata da allon, kowa na sa masa albarka. Da allon ya iso hannuna sai na kasa saki. Zayyana ce aka yi masa da ja da rawaya da kore da baƙi, gida-gida, layi na shiga layi, kusurwa na amsa kusurwa. Na juya na dubi hular da ke kansa, na sake duban allon, sai na ga ashe dangi ne. Yadda mai zayyana ya raba fili, ya yi iyaka, ya maimaita siffa ɗaya yana juya ta, haka mai zanen hulata ya yi. Ba abin mamaki ba ne, don tun da can a garin nan yawancin masu zana riguna da huluna mutanen allo ne, hannun da ya saba da alƙalami da tawada shi ke fitar da adon da ake kira aska da tambari a ƙirjin babbar riga.

Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Mun iya cikewa, wasunmu sun ƙware ƙwarai, amma zanen na wani ne. In mai zane ya yi tafiya, aikinmu ya tsaya. In ya ba mu abin da ya ba mutum goma, haka za mu ɗinka.

Hidimomin da suka biyo baya sun zo a jere. 'Yar wajen ɗiyata ta gama firamare a Tudun Wada, aka yi musu bikin yaye ɗalibai da 'yan rigunansu da huluna masu tunku. Ita na yi wa jakar littattafai da ɗinkin sarƙa a bakinta, aikin da ba ya wahala. Ƙaninta kuma ya cika shekara biyar, iyayen suka tara yaran maƙwabta aka yanka kek. Na san a cikinmu akwai waɗanda ba sa son wannan al'ada, kuma ina girmama ra'ayinsu. Ni dai abin da na gani yara ne sun ci sun sha, an yi wa yaro addu'a, 'yan uwan da suka daɗe ba su haɗu ba sun gaisa. Na ɗinka masa wuyan 'yar kaftaninsa da zare ruwan toka, layi biyu kawai, don wuyan yaro ba ya son ɗinki mai kauri da zai riƙa gurzar fata.

Na suna kuwa majanyi na yi. A nan shawarata ita ce a bar tsakiya fili, inda bayan jariri zai kwanta, a kai adon gefe biyun da za su sauko bayan an ɗaure. Zaren ya zama na auduga wanda ba ya zuba, domin majanyi kullum cikin wanki yake. Ki jiƙa ɗan guntun zaren a ruwan ɗumi, ki matse shi a farin ƙyalle, in ya bar launi ki ajiye shi don wani aikin.

Sai baje kolin Samaru. Babbar jikata mace, kishiyar tawa, tana ajin ƙarshe a Jami'ar Ahmadu Bello, ɓangaren da ake koyon zanen yadi da rini da saƙa. Ita da abokan karatunta da na sashen zane-zane suka baje abin da suka yi don a gani, ta ce lallai sai na zo. Na je ina tsammanin in ga hotunan fenti in yaba in dawo. Na ga hotunan, na ga tukwane da sassaƙa, amma inda na daɗe a tsaye shi ne gaban teburinta, wajen wani littafi da ta ajiye a gefe wanda ba shi ta kawo nunawa ba. Littafin gwajinta ne. Shafi bayan shafi, siffa ɗaya ce take ta juyawa: ta ɗauko ta daga adon bangon wani tsohon zaure a cikin birni, ta zana ta yadda take, ta rage mata, ta miƙe ta, ta raba ta biyu, ta jera ta, har ta zama abin da ta buga a yadi. Wato kafin yadi ɗaya ya fito, takardu da yawa sun sha fensir.

Ita ce ta ba ni tarihin wurin muna zagayawa. Kafin a buɗe jami'ar a 1962, akwai kwaleji a nan da ake koyar da zane, kuma a 1958 wasu ɗalibanta suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Akasarin malamansu Turawa ne, tsarin karatun ma na Ingila ne. Su kuma suka ce za su karɓi dabarun da ake koya musu, amma kowa ya koma ya nemo adon garinsu ya gina a kai. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Wannan tunani daga Zariya ya tashi ya bazu a ƙasar nan. Da na ji haka sai na ce a raina, su sun zo daga nesa sun tuna da adon gidajensu, mu kuwa namu yana nan kewaye da mu. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, garin da ake ɗinka aska biyu da aska takwas da zaren tsamiya, wato silikin gargajiya, bai kamata a ce matansa masu allura suna jiran a zana musu ba. Ban raina masu zane ba, sana'arsu ce kuma sun gaje ta, zan ci gaba da kai musu manyan ayyuka. Amma wadda ta san yadda ake raba fili ta fi gane abin da take cikewa, kuma ko wajen ciniki ba a yi mata yadda aka ga dama.

To ga inda nake yanzu. Na sayi littafin lissafi mai gida-gida na 'yan firamare, da fensir da abin gogewa, na karɓi tsohon akwatin kayan lissafi na angona mai rula da kamfas. Kullum bayan sallar walaha, kafin in taɓa allura, sai na yi zane ko da rabin shafi ne.

Da dagi na fara, don kowa ya san shi, in ya karkace ido zai gaya miki. Sirrinsa ɗaya ne: layi in ya bi ta sama a wannan mahaɗa, to a ta gaba ta ƙasa zai bi, haka har ya dawo inda ya taso. Ina fara sa ɗigo a kusurwoyin gidajen takarda, in haɗa su da layi biyu-biyu kamar hanya, sannan a kowace mahaɗa in goge ɓangaren da ya bi ta ƙasa. In kika ga sama biyu a jere, koma baya ki nemo inda lissafin ya kauce. Yanzu dagina yana tsayawa daidai, sai dai lanƙwasar bakinsa huɗun har yanzu ɗaya takan fi sauran faɗi, ita nake ta gyara.

Na biyu shi ne raba jikin hula. Matsalar duk mai sabon zane ita ce wurin haɗi, inda siffa takan yanke a rabi. Maganinta lissafi ne kafin zane. Kan da ya kai inci 21, in kina son siffa shida, kowace za ta ci inci uku da rabi. Wadda ba ta son rula ta yanki takarda daidai tsawon, ta ninka ta biyu, ta sake ninkawa uku, karyewar takardar ta nuna mata iyakar kowane gida. Ki zana gida ɗaya kawai ya yi kyau, sauran kwafa ce. Kishiyata ta nuna mini in shafa fensir a bayan takardar, in ɗora bayanta a kan yadi, in bi layin da biro, sai ya fito a hankali a jikin yadin. Na fi son wannan a kan zana biro kai tsaye, don wani biron yana narkewa a wanki ya ɓata farin zare.

Tambari, wato da'irar nan mai nannaɗewa da ke ƙirjin riga da bayanta, shi ne ban kai gare shi ba tukuna. Kamfas yana ba ni da'ira cikin da'ira, amma nannaɗewar da ke tafiya ba yankewa tana son hannun da ya saba. Akwai wani dattijo mai zanen riguna a unguwarmu da maigidan ɗiyata ya yi wa magana, ya yarda in aika masa littafina ya duba ya sa mini alama inda ya ga gyara.

Hular da ke hannuna yanzu ita ce ta farko da zanenta nawa ne daga tushe. Na ɗauko siffar daga gefen zayyanar allon nan, na rage mata kusurwa biyu don ta shiga gidan inci uku da rabi. Launi uku kawai na zaɓa, ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu da fari, don in ga ko zanen zai tsaya da ƙafarsa ba tare da launi ya rufa masa asiri ba. Na gama gida biyu, na uku ina tsakiya. Ta ƙanin mai sauka ce, wanda yanzu yake izu 40, saboda haka ina da lokaci amma ba mai yawa ba.

Ina roƙon waɗanda ke nan Zariya, in ruwa ya ɗauke mu sa rana mu shiga birni ta Ƙofar Doka da littattafanmu, mu nemi izinin masu tsofaffin zaurukan da adonsu bai zube ba, mu kwafi abin da ya saura, don duk damina sai wani bangon ya tafi ko a shafe shi da siminti. Wadda kuma take da tsohuwar riga ta kakanni mai ɗinkin tsamiya a adaka, don Allah ta taho da ita mu ga bayan ɗinkin, ina son in ga yadda suke ɓoye bakin zare.