Shekara uku da tsohuwar JCB a gonata

Jiya da yamma ina zaune a gindin ɗorawar nan ta bakin gona ina wanke hannu da kalanzir, giris ya shige min har ƙarƙashin farce, sai ga saƙon wani bawan Allah da muke zumunci a Facebook wai shima yana so ya sayi irin katafilar da ya gani a hotona, in bashi shawara. Nace masa ya ɗan yi haƙuri in zauna in rubuta, don maganar tafi ƙarfin saƙon waya.

Tawa JCB 3CX ce, mai bokiti biyun nan, babba a gaba na kwasa da turawa, ƙarami a hannun baya na haƙa, ga ƙafafu biyu da ake saukewa su dafe ƙasa. Mutanen ƙauyenmu katafila suke ce mata, duk wani ƙarfe mai ruwan ɗorawa da ke ƙwaƙular ƙasa a wajensu katafila ne, ni ma na gaji da gyara musu na bi sahu. JCB ɗin ma ai sunan mutum ne, Joseph Cyril Bamford, wani Baturen Ingila da ya fara da ƙera tirelar gona a gareji a 1945, a 1953 ya haɗa bokitin gaba da hannun baya a jikin tarakta, ita kuwa 3CX tun 1980 ake yinta. Tawa tsohuwar Baljiyam ce mai injin Perkins, tun kafin kamfanin ya fara saka nasa injin a 2004, kunga kenan ta girmi babban ɗana.

Abin da ya sa na saya, hanya ce. Gonar tana can ciki in ka bar titin Zariya zuwa Soba, kuma akwai wani kwari da ruwa ke yankewa duk Agusta, taki ya zo a mota sai dai a sauke a bakin kwarin a yi ta jigila da babur. Shekara biyu ina hayar katafila, mai injin ya karɓi kafin alƙalami yace Asabar, Asabar ta zama Asabar ta sama, kafin ya zo ruwa ya riga ya sauka. Da na sayar da wani fili sai na rufe ido kawai. Abin da ya ja ni ga wannan ɗin maimakon eskabeta, injin haƙan nan mai tafiya a kan sarƙa, shine tayar roba gareta, da ƙafarta take zuwa ko ina, ba sai ka nemo lobed, tirelar ɗaukar manyan injina, ka biya kuɗin ɗauko da mayarwa ba.

Aikin farko muka haƙa magudana gefe da gefen hanyar, muka ɗaure zoben kwalbati da sarƙa a jikin bokitin baya muka jera su a kwarin, muka kwaso burji daga tudun da ke bayan gona muka rufe. Kwana 9. Bayan nan kududdufan tarwaɗa guda 4, tushen sito, ramin masai, da kututturan da suka shekara suna karya mana garma. A nan na gane bambancin mai tuƙi da mai iyawa. Ni in na hau, hannun sai ya riƙa fizga kamar jakin da aka tsikara, amma yaron da nake ɗauka, wanda ya yi shekaru a kamfanin hanya, da yatsu biyu yake wasa da libobin nan, bokitin ya shafi ƙasa kamar mai shara. Shi ya koya min cewa kafin ka taɓa ƙasa sai ka kafa bokitin gaba, ka sauke ƙafafun baya har taya ta ɗan saki ƙasa, in wurin laka ne ka sa musu katako a ƙasa. Ranar da na yi masa gardama na shiga fadama da ita bayan ruwan dare, ta nutse har gindi, ƙarfe kusan tan 8, na sauko ina salati ina lissafin nawa tarakta biyu za su caje ni. Yace Alhaji ɗan matsa. Ya hau ya kafa bokitin baya can nesa, ya ɗaga gindinta ya ja, ya sake kafawa ya ja, tana jan ciki kamar kaguwa har ta fito kan tudu, bai ce min komai ba, ni ma ban ce ba.

Akwai wanda bana wasa dashi yanzu, rami. Hannun nan yana kai mita 4 da ɗoriya, kuma ƙasar da ka haƙo in ka tara ta a leɓen ramin nauyinta ne zai rufto da bangon. Muna haƙa ramin masai wani lebura ya dira ciki zai gyara kusurwa da shebur, na daka masa tsawa ya fito yana ƙunƙuni, ko minti 10 ba a yi ba gefe guda ya zabtaro daidai inda ya tsaya. Tun ranar duk ramin da ya kai ƙirjin mutum ba mai shiga sai an kwantar da bangonsa, ƙasar kuma can nesa ake zubawa.

Toh yanzu ga ainihin abin da nake so mutumina ya ji. A shekara ukun nan aiki bai taɓa kwantar min da ita ba, duk ranar da ta kwanta in ka bi sawu sakaci ne na abin da bai kai ya kawo ba. Giris ne kan gaba. Duk inda ƙarfe ke juyawa a kan fil, wato sandar ƙarfen da ta haɗa gaɓa da gaɓa, akwai ɗan kan da ake ɗura giris, littafinta yace duk awa 10 na aiki, wato kullum da safe, kana matsawa har sai ka ga tsohon baƙin ya fito sabon ya biyo shi. Minti 20 ne, amma shi mutane suka fi ƙyuya. Bara wani ɗan uwa ya are ta sati uku zai haƙa tushen gida, na haɗa masa da famfon giris da bokiti guda cike, aka dawo min da bokitin ko buɗe shi ba a yi ba. Da na tayar na ɗaga hannun sai na ji ƙwas ƙwas, bokitin baya yana lilo kamar haƙorin tsohuwa. Bakanikena ya zo, dattijo ne, ya kama fil ɗin ya girgiza ya kalle ni yace Alhaji wannan ai da yashi aka yi mata giris. Nace Baba bushin kawai za a canza ko, wato zoben da fil ɗin ke juyawa a ciki? Yace bushin ya riga ya tafi, hudar da yake zama a ciki ita kanta ta buɗe ta zama kamar ƙwai. Sai da aka kwance hannun aka loda a mota zuwa Fanteka a Kaduna, aka cike da walda aka sake huda shi, kuɗin da na kashe ya isa ya sayi giris na shekaru. Ɗan uwan nawa har yau gani yake rowa ce ta sa na daina ba da aro, zumunci dai ake lallaɓawa.

Sai gas. Tun da ya yi tashin gwauron zabi a 2022 kowa ke neman na araha, ni ma na taɓa sayen na jarka a bakin hanya, ashe da ruwa a ciki, ta fara tari tana hayaƙi fari ta mutu a tsakiyar aiki, nozul, mai fesa gas a cikin inji, ya tafi. Yanzu a gidan mai nake cika duro, in barshi ya kwana ya kwanta, in tace da kyalle, kuma kullum da safe sai na buɗe ɗan ƙoƙon da ke ƙarƙashin filta na zubar da ruwan da ya taru. Tawa tana shan wajen lita 6 zuwa 7 a awa in haƙa ake. Baƙin mai duk awa 250 nake juyewa tare da filtarsa, agogon awa na rubuta a bangon sito da gawayi saboda littafi ɓata yake.

Hunturu kuwa filtar iska ce da lagireto, ƙura da ƙaiƙayi su toshe su injin ya yi ta zafi, duk kwana biyu sai an duba. Filta ta ciki ƙarama ba a kaɗe ta ba a hura ta, canzawa ake, Ƙofar Ruwa a Kano nake samowa. Kuma dan Allah in tiyon hayidirolik yana yoyo kada ka bi shi da hannu kana neman hudar, man yana fita da ƙarfin da zai huda fata ya shige nama, kwali ake karawa a gani, kafin a kwance tiyon kuma sai an sauke bokitai ƙasa an kashe inji an motsa libobi.

Abin da ban zata ba shine zaman banza ma yana cinta. Wata biyu na barta a rumfa, ɓeraye suka ci wayoyi, zanzaro ya yi gini a cikin das, batir ya mutu, sandar ram, wato sandar hayidirolik mai tura hannu, da na bari a waje ta yi tsatsa ta yanka sil ɗin da ke tare mai. Yanzu ko ba aiki duk Juma'a bayan masallaci ina tayar da ita ta yi zafi, in motsa kowane hannu, inda sandar ta rage a waje in shafa mata giris.

Shi mutumin nawa hekta 5 gareshi, aikin da ya lissafa min kududdufi biyu ne da magudana, nace masa gaskiya in nine haya zan yi ko da mai injin zai ja min rai, wannan aikin sati biyu ne, bayan nan me za ta ci? Ni abin da ya rufa min asiri maƙwabta ne, da rani ana ɗaukarta haƙa tafkin shanu da lodin yashi, amma da direbana da famfon girisɗina take tafiya, in ba haka ba tana nan a rumfa. Gobe ma akwai wani mai lambu a ƙasan rafi da ke jiranmu, sai dai tiyon ƙafar hagu ya fara gumi tun shekaranjiya, da sassafe zan kwance shi in kai Zariya a matsa min sabo, don haka zai ganmu ne bayan azahar in Allah ya yarda.