Juma'a a karofin Ƙofar Mata

Yau kasuwa ba laifi da safe. Wata hajiya ta shigo shagonmu a kasuwar Kwari nan Kano haɗa lefen ɗanta, shadda Getzner, lesuka, atamfofi masu tsada, ko tayi bata yi ba sai cewa tayi a bata lambar akawun. Maigida sai washe baki yake, ni kuma ina ninke kaya ina lissafi a raina, wallahi kuɗin da ta tura a tsaye ya fi abinda nake samu a shekara. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita kaɗai ya ishi mutum tunani, balle cefane da kuɗin makarantar yara. Haka na tafi masallaci raina a jagule.

Da aka sauko daga masallacin cikin gari sai na taka da ƙafa zuwa Ƙofar Mata, dama Umma ta dame ni in je in duba Kawu tunda yayi zazzaɓi. Ina zaton zan tarar dashi a kwance a rumfa, ashe mutumin yana bakin raminsa ya saka safar roba yana ta tsoma zane. In ya ciro shi sai ka ganshi kore-kore, yana shan iska sai ya fara juyewa shuɗi a gaban idonka, ya sake mayarwa, ya sake cirowa, a haka har launin ya kama yadda yake so. Ruwan rinin nan ganyen baba ne da toka da kanwa da ruwa, a bar su makonni a rami kafin su nuna, kuma shi da hanci kawai yake gane ruwan yayi ko da saura. A bakin ƙofar wajen an rubuta 1498 a matsayin shekarar da aka kafa shi, amma yanzu ramuka da yawa sun cika da shara, yara basa son sana'ar, kuma gaskiya mu ƴan Kwari da muke sayar da yadin China mai arha muna da hannu a ciki.

Nace Kawu don Allah ka huta haka nan, ai Yaya na Abuja yace zai riƙa turo maka komai. Sai ya kalle ni yayi dariya yace "yaro in zauna a ɗaki in yi me, in riƙa ƙirga azara?"

Ana haka aka kawo kwanon ɗanwake, shi da abokan aikinsa su biyar suka sa hannu harda ni, farcen kowa shuɗi banda nawa. Can gefe mabuga suna ta kai, ƙarar bugun tana tafiya tare kamar kiɗa, ga wani buzu mutumin Agadas da suka daɗe suna hulɗa ya kawo masa cuku da dabino, suna ta tsokanar juna akan wani tsohon bashi da kowa yace ɗayan ne yaci. Dariyar da Kawu yayi har da hawaye, rabon da in ji maigidana yayi irinta na manta, ga shi da motoci.

Ba wai ina cewa talauci daɗi gareshi ba fa, silifas ɗin Kawu ɗinki ne akan ɗinki, kuma maganin hawan jininsa ya ƙare bai gayawa kowa ba. Amma hadisin nan da muka haddace a islamiyya, cewa wadata ba yawan kaya bace, wadatar zuci ce, yau a bakin rami na ganshi da idona.

Da zan tafi ya bani ƙyallen rini in kai wa Umma, na miƙa masa dubu biyu yace in mayar aljihu kafin ransa ya ɓaci. Na dai biya kemis na siyo maganin na ba almajirinsa ya saka masa a jaka. Yace sati mai zuwa in taho masa da babban ɗana zai nuna masa ɗaurin zane, sai dai ban san ya zamu ƙare da uwarsa ba in ya dawo da riga duk baba.