Ƙasar da ko ciyawa ta ƙi

Ranar da na fara zuwa wani garejin kanikawa a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, riƙe da leda da ɗan shebur, dattijon da ke shugabantar wurin ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ɗiyata, me za ki yi da ƙasar da ko ciyawa ta ƙi?" Na ce, "Baba, aikin kammala digiri ne, ƙwayoyin halittar da ke cin mai nake nema." Ya girgiza kai, ya sa wani yaronsa ya haƙo mini. Ƙasar baƙa ƙirin, ta daskare kamar kwalta, don shekara da shekaru nan ake juye baƙin mai idan an canza wa mota.

A lokacin abu guda ne a raina: in gano wata gwarzuwar bakteriya, wato ƙwayar halittar da ido ba ya gani. Na karanta labarin Ananda Chakrabarty, wanda Kotun Ƙolin Amurka ta amince masa da haƙƙin mallakar wata bakteriya nau'in Pseudomonas mai cin ɗanyen mai a 1980, sai na ɗauka duk sirrin yana ga samun nau'in da ya fi kowa.

A ɗakin gwaji, ruwa ake haɗawa da gishirin ma'adinai, ba sukari ba komai, a ɗiga mai kaɗan, a zuba ƙasar. Duk abin da ya yaɗu a ciki, man ya ci. Ni kuwa saboda tsoron kada wata ƙwaya ta waje ta shiga, na toshe kwalaben da marfin roba gam, na jera su a kan kanta. Sati uku man na yawo a sama, ruwan ƙasa garau. Hankalina ya tashi ƙwarai, don lokaci na tafiya. Malamar da ke duba aikina ta ɗaga kwalba ɗaya, ta kalli marfin, ta ce, "Kin ba su abinci, kin toshe musu hanci." Muka koma toshiyar auduga, idan babu wutar injin girgizawa in girgiza da hannu safe da yamma. Cikin kwanaki ruwan ya fara yin dishi-dishi kamar tsinkakken koko, man ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo.

Sai a ranar na fahimci abin da na haddace na ci jarrabawa da shi. Yawancin abin da ke cikin mai doguwar sarƙa ce ta kabon da haidirojin, sumul, ba ta da inda za a kama ta, shi ya sa take daɗewa a ƙasa. Bakteriya tana da wani enzayim, wato sinadarin da take sarrafa abinci da shi, fitaccensa shi ne AlkB, aikinsa ya ɗauki ƙwayar oksijin guda daga iska ya maƙala a bakin sarƙar. Kamar shan rake ne: sai an fere baki kafin haƙori ya samu shiga. Da an maƙala, wasu enzayim ɗin su karɓa, su yi ta juya wannan bakin har sarƙar ta koma irin kitsen da halittu suka saba narkarwa. Daga nan a riƙa gutsura kabon biyu-biyu, a ƙona don samun ƙarfi, ƙarshe ya zama ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, wani kuma ya zama jikin ƙwayar kanta. Akwai masu yi ba tare da iska ba, amma tafiyar hawainiya ce. Ɗigon da na gani kuwa, wasu kamar Pseudomonas aeruginosa suna fitar da wani abu mai aikin sabulu, ya farfasa man yadda omo ke yi wa kwanon miyar da ta sha man ja.

Darasi na biyu ya fi shiga raina, don gida ya mayar da ni. Mai cike yake da kabon, amma kusan babu naitirojin da fosfaras a ciki, kuma ƙwaya ba ta hayayyafa sai da su. Da jirgin Exxon Valdez ya malalar da mai a Alaska a 1989, taki aka watsa a wasu gaɓar tekun don ƙwayoyin da ke wurin tun asali su yi ƙarfi. Na gwada a bokitai: wani na bar shi haka, wani na zuba kashin kaji, ina yayyafa ruwa ina juya ƙasar duk bayan kwana uku. Wanda na kula da shi warinsa ya ragu, launinsa ya fara sakewa. Da na ba mahaifina labari, ya ce, "Ashe noma kike yi. Taki, ruwa, huɗa." Ban taɓa jin bayanin da ya kai wannan daidai ba. Ƙwayoyin suna cikin ƙasar garejin tun kafin in zo, yunwa da rashin iska ne suka danne su.

Amma ba na son a ɗauki abin da sauƙi, don na ji masu cewa a bar ƙasa ta wanke kanta. Sinadaran da ke da siffar zobe, irin su benzin, sai wani enzayim daban ya saka oksijin biyu kafin zoben ya buɗe, kuma in zobba sun yi yawa a haɗe, abin ya zama ƙwallon goruba. Sashen mai kama da kwalta da kyar ake taɓa shi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara ƙasar Ogoni ta yankin Neja-Delta, wadda malalar mai ta gurɓata, zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Mu a Katsina ba rijiyar mai gare mu ba, amma garejinmu nawa, janaretonmu nawa, kuma ruwan rijiya da burtsatse muke sha.

Bayan damina na koma garejin. Baban ya sa an kafce wani lungu an zuba taki kamar yadda na nuna musu, ciyawa ta ɗan tsiro jefi-jefi. Ya ce yana so ya shuka alayyahu a wurin. Na roƙe shi kada ya yi, don baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa irin su dalma, kuma babu enzayim ɗin da ke narkar da ƙarfe. Ya yi shiru, sannan ya kira yaran ya ce a nemo durom, daga yau a ciki za a riƙa juye man.