Albaniyawan Yugoslabiya: kujera a tarayya, amma babu jamhuriya

Duk wanda ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa ya san yadda iyaka ke raba dangi. Haka aka yi wa Albaniyawa a 1913: manyan ƙasashen Turai suka shata iyakar Albaniya, suka bar Kosobo da yammacin Masedoniya a hannun Sabiya.

Bayan yaƙin duniya na biyu, shugaba Tito ya kafa tarayyar Yugoslabiya kan jamhuriyoyi 6. Doka ta kasa mutane gida biyu: masu jamhuriya, da waɗanda aka ce uwar ƙasarsu tana waje. Albaniyawa a gida na biyu aka ajiye su, wai suna da Albaniya. Ni a ganina a nan ɓarakar take. A ƙidayar 1981 sun kai miliyan 1.7, alhali ƴan ƙabilar Montenegro ba su cika 600,000 ba, amma ga su da jamhuriyarsu.

Tsarin mulkin 1974 ya ba Kosobo abubuwa da dama: majalisa, kotu, ƴan sanda, da kujera ɗaya a majalisar shugabancin tarayya. Jami'ar Pirishtina, babban birnin Kosobo, kuwa tun 1970 take koyarwa da Albaniyanci. Sai dai a takarda Kosobo lardi ne cikin Sabiya, kuma abin da aka ba lardi ana iya ƙwace shi.

Tito ya mutu a 1980. A Maris 1981 ɗalibai suka fara zanga-zanga kan abincin jami'a, kafin a ankara kira ya koma "Kosobo jamhuriya". Aka turo tankokin yaƙi. A Maris 1989 jagoran Sabiya, Miloshebic, ya soke ƴancin cin gashin kan lardin, duk da yajin aikin masu haƙar ma'adinai na Tirepca, waɗanda suka yi kwanaki a cikin rami. Aka kori dubban Albaniyawa daga aiki. Ƙarƙashin jagoransu Ibrahim Rugoba, Albaniyawa suka mai da gidaje da shaguna azuzuwa, suna biyan malamai da karo-karon kashi 3 cikin 100 na abin da suke samu.

Da tarayyar ta wargaje, kwamitin Badinter, na alƙalan da ƙasashen Turai suka naɗa, ya ce iyakokin jamhuriyoyi ne za su zama iyakokin ƙasashe. Masedoniya ta fita babu yaƙi. Kosobo kuwa, da yake lardi ne, sai bayan yaƙin 1998 zuwa 1999 da luguden NATO na kwana 78 ya ayyana ƴanci ranar 17 ga Fabrairu 2008. Nijar ta amince da shi a 2011, Sabiya har yau ba ta amince ba.