Abin da kiɗan Diamond Head ya koya mini a situdiyo

A garin Stourbridge, kusa da Birmingham a Ingila, wasu samari suka kafa ƙungiyar kiɗa a 1976, suka raɗa mata suna Diamond Head. Brian Tatler ke kaɗa jita, Sean Harris ke rera waƙa, Duncan Scott na kan ganguna, daga baya Colin Kimberley ya shigo da jitar bas. Yankin masana'antu ne, shi ya fitar da fitattun ƙungiyoyin kiɗa Black Sabbath da Judas Priest. Sai dai har a cikin masoya kiɗan hebi metal, wato kiɗan jita da ganguna mai ƙarfi da amo, da yawa a bakin Metallica, shahararriyar ƙungiyar kiɗa ta Amurka, suka fara jin waƙoƙin waɗannan samari, ba su ma san masu su ba.

Ni sana'ata haɗa sauti ce a Kano. Maigidan da ya koya mini aiki yakan tilasta mana sauraron kiɗan da ba ma yi, yana cewa, "Yaro, kunnenka ne jarinka, kada ka bar shi da yunwa." Ta haka na haɗu da kundinsu na farko, Lightning to the Nations, na 1980. Cikin kusan mako guda suka naɗe shi. Babu babban kamfanin da ya karɓa, sai suka fitar da faifan da kansu a cikin farin kwali, ko sunayen waƙoƙin babu a jiki, suna sayarwa ta gidan waya da wuraren wasa.

Waƙar da na fi zama a kanta ita ce "Am I Evil?", mai tsawon kusan minti takwas. Tana farawa da bugun ganga irin na faretin soja, jita na bin sa da sauti ɗaya, ana ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan har ƙirjinka ya cika. Sai a saki, jita ta zuba da gudu ita kaɗai. Bayan nan ne asalin karin waƙar ke shigowa, a hankali, da takun ƙasaita, kuma duk wannan kafin mawaƙi ya buɗe baki. Can tsakiya sai su ninka gudun. Wallahi ban taɓa jin tsawonta ba. Mu a nan mun saba ɗora kari ɗaya a fiyano, kwamfuta ta yi ta maimaita shi daga farko har ƙarshe, murya ce kawai ke ɗaukar nauyin waƙa. Wajen Tatler na gane cewa kiɗan kansa yana iya ba da labari, ya sa mai sauraro ya jira, ya ƙagu, sannan a biya masa buƙata. Yanzu idan ina haɗa waƙa, nakan cire ganga gaba ɗaya na ɗan lokaci kafin amshi, don idan ta dawo a ji ta a jiki. Na kuma daina goge kowane ɗan kaushi daga naɗi, domin ƙarar yatsa a kan tsirkiya tana cikin abin da ke sa faifan nan numfashi.

Darasi na biyu ya fi ciwo. Tsararrakinsu, Iron Maiden da Def Leppard, sun samu gogaggun manajoji, suka ci kasuwar duniya. Su kuwa harkarsu tana hannun mutanen gida, ciki har da mahaifiyar Harris. Sai a 1982 kamfanin MCA ya fitar musu da Borrowed Time. Kundin Canterbury na 1983 ya zo da matsalar bugu, faifan yana tsalle a kan na'ura. Ba su je Amurka wasa ba a shekarun da kasuwar ke ci, kuma zuwa 1985 sun watse.

Abin da ya tsamo su shi ne wani matashi ɗan Denmark, Lars Ulrich, wanda ya taso daga Amurka a 1981 don ya gan su, har ya zauna a gidajensu. Da ya koma, a shekarar ya kafa Metallica tare da James Hetfield. A 1984 Metallica suka sake naɗar "Am I Evil?", daga baya suka ƙara wasu uku. Da yake sunan Tatler da Harris na rubuce a matsayin mawallafa, kuɗin haƙƙin mallaka ya ci gaba da shigo musu, kuma Tatler bai taɓa ɓoye cewa da shi ya riƙe kansa ba.

Wannan ya tsaya mini a rai, saboda na sha ganin yaro mai baiwa ya sayar da waƙarsa kacokan a kan kuɗin da ba zai kai shi wata ba. Shi ya sa kafin in kunna makirfo nake fito da takarda: wa ya rubuta baitoci, wa ya yi kari, wa ya biya kuɗin naɗi. Wasu kan ce, "Haba Oga, ai duk mu ɗaya ne." Nakan ce, "Na sani, ƙanena, sa hannu dai." In mun gama, ina zuba wa mawaƙi ainihin naɗin a filashinsa, kowace murya da kowane kayan kiɗa daban, ya tafi da abinsa gida.