Talata da Juma'a mai aboboya ke zuwa layinmu

Ɗakina a Nima, wata unguwa a birnin Accra na Ghana, yana kallon kwata. Tun ina yaro na san al'adar layinmu: da hadari ya haɗo, yara za su fito da bokitai, ana jiran ruwa ya yi ƙarfi a juye masa shara ya tafi da ita. Ni ma na aiki ƙanena hakan ba sau ɗaya ba. Ruwan kan kai ta babbar kwatar Nima, daga can ta faɗa kogin Odaw, Odaw ya nufi tafkin Korle da ke bakin teku. Ban taɓa damuwa da inda take tsayawa ba sai daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle, babban shataletalen Accra, suka kashe mutum fiye da 150.

Muka fara da aikin gayya. Dama tun Nuwamban 2014, bayan kwalarar da ta addabi Accra, gwamnati ta ware Asabar ɗin farko ta kowane wata don tsabta. Muka yashe kwata, muka tara taɓo a bakin hanya, muka ɗauki hotuna. Motar da aka yi mana alkawari ba ta zo ba. Kwana huɗu aka yi ruwa, komai ya koma inda ya fito.

Wata Hajiya mai sayar da wake da shinkafa a bakin layi ita ta buɗe mini ido. Ta ce, "Ɗana, kai ba ka shara, shi ya sa ba ka san nauyinta ba. Ɗaga buhun nan." Na ɗaga da ƙyar. Ta kwance shi: yashi ne da toka da ɓawon doya da na rogo. Mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku da ke kwasar bola, da girman buhu da nauyinsa yake yanka kuɗi. Kuma ba shi da rana. Yakan zo matan gida suna kasuwa. Wadda buhunta ya kwana uku yana wari a ƙofar ɗaki, ga kwata kyauta, me kake so ta yi?

Gidaje 12 muka fara da su. Muka yi magana da yaro ɗaya mai aboboya, ya riƙa zuwa Talata da Juma'a bayan Asuba, kowane ɗaki ya ba da kuɗinsa na mako. Liman ya sanar bayan Magariba, abin da ya fi duk yawon da na yi gida-gida tasiri. Sai rabe-rabe: ɓawo ga masu kiwon tumaki da awaki, waɗanda a Zango ba a rasa su, musamman gab da Layya. Yashi mu cike ramukan tsakar gida. Gwangwani da ƙarfe ga masu yawon saye. Ledar fiya wata da gorunan roba a buhu daban. Abin da ya rage bai kai rabin na da ba, kuɗin ma ya sauka.

Kurakuraina biyu. Na farko, na riƙe kuɗin da kaina, ba littafi. Wata biyu aka fara raɗa. Na miƙa wa Hajiya jaka da littafin rubutu, maganar ta mutu, don ita ba mai iya hana ta kuɗi ya zo gobe sayen wake. Na biyu, na cika wa yara baki cewa leda za ta kawo kuɗi. Masu saye da kilo suke auna ta, ba ta da nauyi, kuma jiƙaƙƙiya ko mai datti ba sa so. Sai an tsaga, an shanya. Abin da muke samu tsintsiya da sababbin buhuna kawai yake saya.

Akwai kuma ranar da wani abokina ya bi yaron mai aboboya a babur, ya tarar yana juye bolarmu a kwata can ƙasa, don ya cinye kuɗin da ake biya a wurin zubarwa. Muka sallame shi. Wanda ya gaje shi ɗan layinmu ne, mun san mahaifiyarsa.

Baƙar leda da kunzugun jarirai na zamani kam har yau ba mai saye, ba dabbar da ke ci. Su ne ke cika buhun da ke jiran Juma'a a ƙofata yanzu.