Ƙwayar da ba ta da suna

Na iske ɗan ƙanwata a gidan Hajiya da ke unguwar Mabera a Sakkwato ya zazzage gwangwanin madarar da take tara magunguna, ya ware wasu fararen ƙwayoyi a tafin hannu yana ɗaukarsu hoto. Na ce, "Kai, mi kaka yi?" Ya ce, "Kawu, kaina ka ciwo, waya za ta gaya min in farasitamol ne." Sai da na fizge su sannan na iya magana.

Ni ma na taɓa yi, kuma ban ma ɗauki hoto ba. Da bazara ne, marigayi Baba yana raye, na dawo daga kasuwa kaina kamar zai tsage. Na laluba aljihun rigarsa na sami ƙwayoyi a 'yar ledar asibiti, rubutun jiki ya goge. Farare ne, da tsaga a tsakiya. Na lura sun fi wanda na saba ƙanƙanta, sai na ce ai na yara ne, na haɗiye biyu, cikina babu komai. Ashe maganin ciwon sukarinsa ne, glibenclamide, wanda aikinsa sa jiki ya ƙara fitar da insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini. Kafin la'asar gumi ya jiƙe ni, hannu na rawa, ina sambatu. Mata suka ce iska ce, har an kunna turare. Wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya ce ta ga ledar, ta ba ni ruwan sukari, ta ce a wuce da ni asibiti, don maganin yana daɗewa a jiki, sukarin zai iya sake faɗuwa. Can na kwana ana ƙara min ruwa.

Har yau ina cewa ba laifina ba ne duka. Babu wuta, ɗakin da duhu, babu kuɗi a aljihuna, kuma a gidanmu kowa maganin kowa yake sha. Wanda ya zuba ƙwaya a leda ya ja layi uku maimakon ya rubuta suna, shi ma yana da nasa kason. Amma dai na ga girmanta ya bambanta. Na gani da idona, na kawo wa kaina dalili.

Na shirya muku shawarwari da yawa, sai na ga ba za ku karanta ba, ku da ba ku iya minti biyu ba ku taɓa waya ba. To ga kaɗan.

Launi da siffa ba suna ba ne. Maganin hawan jini, na sukari, na barci, na farfaɗiya, da yawansu farare ne. Sunan yana bayan katin da ƙwayar ke ciki: sunan magani, ƙarfinsa, kamar 500mg, da ranar da zai daina aiki. A kwali kuma nemi lambar NAFDAC. In an ɓalle ta daga katin, ta rasa shaidarta, ballantana ta sha zafinmu da ke haura 40 alhali yawancin magunguna ƙasa da 30 aka ce a ajiye su.

Ku rabu da waya. Manhajojin gane ƙwaya galibi na Amurka ne, mu kuwa yawancin namu daga Indiya, Sin da kamfanonin gida suke. To, amma in kwalin maganin maleriya na da wurin kankarewa, kankare ka tura lambar da ta fito ta saƙo don a tabbatar ba jabu ba ne, a nan wayar ta yi rana.

Ka kai ƙwayar wurin mai harhaɗa magunguna na gaske, ba yaron kanti ba, ka tambayi wa ke ciwon me a gidan. Kai, ni in da ta tawa ce, kada ma ka wahalar da kanka. Ko an gano sunanta ba kai aka rubuta wa ba. Cakuɗa ta da toka, ka ƙulle a leda, kada ka watsa a bola inda yara da awaki ke tono.

In kuwa wani ya riga ya haɗiya, musamman yaro, ban da manja, ban da madara, ban da sa yatsa a maƙogwaro. Kada a jira alama, farasitamol ma in ya yi yawa hanta yake ci a ɓoye kafin a ga komai. A kwashi ragowar ƙwayoyin da ledar da gwangwanin gaba ɗaya, a hau keke Napep zuwa asibitin Specialist ko asibitin koyarwa na UDUTH, wanda ya fi kusa.